Shatin Yatsa a Hular Ƙarfe

Duk ma'aikatar nan, tun daga mai gadi har masu ofishin sama, kowa ya san ana iya taka wa Inna Makulli ƙafa a ba ta haƙuri ta haƙura, amma ba a taɓa mata hula da hannu tsirara a kwana lafiya.

Hular ba ta sawa a ka ba ce. Aikin ma'aikatar shi ne haɗa allunan lantarki, korayen faifan nan masu ɗauke da ƙananan kaya da ake gani in an buɗe cikin rediyo ko mitar wuta. A kowane allo akwai wani lungu da ba ya son hayaniya. In igiyar rediyo ta waje ta kutsa masa sai ya rikice, in tasa ta fita sai ta rikita maƙwabta. Shi ya sa ake kife masa ɗan murfin ƙarfe, a liƙe bakin murfin da dalma har ya zagayo, kada a bar ko kafar allura. A takardun ofis sunan murfin garkuwa. A bakin ma'aikata kuwa hula ce, kuma ba takardar da za ta canza mata suna. Babbarsu ba ta wuce akwatin ashana ba, fara tas, kaurinta bai fi na reza ba.

Shekara ashirin da huɗu Inna Makulli tana tsaron waɗannan huluna a ɗakin ajiya, wanda kowa ke kira sito. Makullansa na rataye a ƙugunta, su ke sanar da zuwanta tun kafin ta shawo kwana. Ta san halin hula kamar ita ta haife ta. Hula ba ta son danshi, don haka kantocin sito ba sa jingina da bango, kuma ba abin da ake ajiyewa a ƙasa. Kowace leda a liƙe take, a cikinta da ɗan ƙunshin ƙwayoyin da ke shanye raɓa, da wani kati mai ɗigo uku shuɗaye. Ranar da danshi ya shiga leda, ɗigon zai koma ruwan hoda ya tona asiri. Hula ba ta son nauyi. Tire biyar ake ɗorawa, na shida sai dai a ɗora shi a kan mai ɗorawar, in ji ta, domin in bakin hula ya lanƙwashe ko da kaurin gashi ne, ba za ta zauna daram a kan allo ba. Wadda ta riga shigowa ita ke riga fita. Wani direban ma'aikatar ya taɓa ɗaure mata tire da kyauron roba, wai shi gwaninta, bai san roba na baƙanta ƙarfe ba. Har ya bar aikin bayan shekara shida, in ya ji ƙarar makullai sai ya tuna ya yi mantuwa a mota.

Amma uwar dokokin duka ita ce ta hannu. Gumin ɗan Adam gishiri ne. In yatsa ya taɓa hula, a ranar ba a ganin komai, sai bayan kwana uku ko huɗu wurin ya dushe. Inda ya dushe kuwa dalma ba ta kamawa, sai ta dunƙule ta zame kamar ruwa a bayan agwagwa. Saboda haka Inna ce ke raba farar safar hannu ta tagar sito kowace safiya, ita ke karɓa in an tashi.

Mijinta ma a nan yake aiki, ya riga ta da shekara biyu. Shi ne mai duba huluna a teburi na huɗu, daura da tagar sito. Kafin hula ta hau allo sai ta bi ta hannunsa. Ya ɗora ta a kan wani kakkauran gilashi, ya duba ko bakinta ya zauna ta kowane gefe, sannan ya jera ta a tire, kusurwa mai tsaga tana duban hagu yadda injin da ke ɗora ta a kan allo ke so. In ta yi sai ya ce, "Daidai." Sau dubu a yini yake faɗin kalmar nan, har ta bi shi gida, har ta cinye sunansa. In an zuba masa abinci, daidai. Da aka ce masa ya yi jika, daidai. Baba Daidai ke nan, dogo mai sanyin magana, wanda bai taɓa ɗaga murya ba, tunda matarsa na ɗagawa ta mutum biyu.

A wurin aiki ba ta san shi ba. Teburi na Huɗu take kiransa, don kada a ce tana son kai. Shi kuma ya amsa, "Na'am, ranki ya daɗe, Sito." A 'yan watannin nan ma ya zama abin tsokanarta, don safarsa ta dama ba ta kwana uku ba ta dawo a huje ta wajen babban yatsa ba.

"Teburi na Huɗu, wai farce ne da kai ko fartanya?"

Sai ya yi murmushi ya ce zai yanke.

Ranar Litinin da hantsi Injiniya ta sauko daga sama da allo goma sha biyu a tire. Mace ce mai shiru-shiru, sa'ar 'yar Inna ta fari, kuma duk abin da ya fita daga layin a wuyanta yake. Ta tara ma'aikata a gaban tagar sito.

"Inna, a duba mana nan. Mako uku ke nan hula na ɗagawa ta gefe ɗaya. Dalma ba ta kamawa."

Mai Tanderu, wanda ke gasa allunan har dalmar ta narke, tun daga gida ya taho da amsarsa. "Wutata lafiyarta ƙalau. Ruwan saman nan ne. Sito ya sha danshi, shi ke nan."

Da ya san abin da zai biyo baya, da ya ce tanderunsa ne. Inna ta shige ciki ta fito da leda bakwai daga kanta bakwai, ta jera masa su a ƙarƙashin hanci.

"Karanta min. Wane launi ne wannan? Wannan fa? In idonka ya gaza a kira maka mai ido. Tun kana cin ƙasa katina shuɗi ne, kuma shuɗi za ka tafi ka bar shi."

"Ba danshi ba ne, Inna, na yarda," in ji Injiniya. Ta nuna wani ɗan duhu a gefen hula da bakin biro. "Wannan ya fi kama da hannu. Wani yana taɓawa. Mutum tara hula ke bi ta wajensu tsakanin sito da tanderu, ban san ko wane ne ba."

Nan fa Inna ta tsaya tsakiyar fili ta kama ƙugu, makullai suka yi ƙara.

"Ba ni kwana uku. Ranar Alhamis sunansa zai hau teburinki. Kuma ku buɗe kunne: ko wane ne, ko ɗan da na haifa ne, ya bar teburinsa ke nan. Ba sani ba sabo. Mai hannun da ba ya jin magana ya tafi ya nemi kwaɓar siminti."

Injiniya ta ce ta amince, haka za a yi. Mutane suka watse sumui-sumui, kowa na satar kallon tafin hannunsa. Inna ta waiwaya teburi na huɗu, don ta saba duk hukuncin da ta yanke daga can ake sa masa hannu.

"Ko ba haka ba, Teburi na Huɗu?"

Baba yana ta gyara zaman gilashinsa. Bai ce daidai ba. Ta ɗauka bai ji ba ne.

Washegari ta saki labulen tagar sito, ta kunna fitilarta mai gilashin ƙara girma, ta riƙa ɗauko hulunan da aka ɓamɓaro daga allunan da hantsaki ɗaya bayan ɗaya. Tana yi tana ƙunƙuni, tana jera waɗanda take zargi, Mai Tanderu a sahun gaba. Ta farko dishi-dishi. Ta biyu ma haka. Ta biyar ce ta fito raɗau, zafin tanderu ya gasa shatin ya zauna. Babban yatsa ne, da zanensa zagaye-zagaye, sai wani layi da ya ratsa shi a karkace ya rabu biyu a ƙarshe.

Ta daɗe tana kallo. Ta goge gilashin ta sake dubawa, ko Allah zai sa ya canza. Bai canza ba.

Shekara talatin da uku da suka wuce, tana da cikin fari, ta tashi da kwaɗayin kifin gwangwani, ta ce in ba shi ba, ba abin da zai shiga bakinta. Ya zaga shago huɗu ya samo. Mabuɗin gwangwanin ya karye, ya sa wuƙa, murfin ya yanke shi har ƙashi. Ita ta yage bakin ɗankwalinta ta ɗaure masa, tana kuka tana kuma cin kifin, don kwaɗayi bai san tausayi ba. Tun daga ranar, in faɗa ya yi tsami tsakaninsu, sai ya ɗaga mata yatsan nan kawai, ita kuma dariya ta ƙwace mata. Ko cikin yatsu dubu aka jefa shi za ta tsamo shi.

Ta ajiye hantsakin. Ta jawo kwandon tsofaffin safar hannu ta zazzage a kan tebur. Nasa ba su da wuyar ganewa. Ta kai hujin ƙarƙashin gilashi. Farce in ya huda safa yakan bar zare a tsittsinke. Wannan kuwa a miƙe yake sumul, kuma ta wajen ciki, inda mai wucewa ba zai gani ba. Aikin reza ne.

Fushi ne ya fara zuwa, don shi ne mafi kusa da ita a kowane lokaci. Shi? Shi da ya koya mata dokar da bakinsa tun ba ta san hula daga murfin kwalba ba? Ta miƙe da niyyar ta je ta kife masa kwandon a ka. Ta ɗaga labulen kaɗan, sai ta tsaya.

Taku goma ne tsakanin tagarta da teburinsa, amma rabon da ta tsaya ta kalle shi yana aiki har ta manta. Ya ɗauko hula ya ɗora a kan gilashi. Da can sunkuyawa yake yi har hancinsa ya kusa taɓa tebur, ya kanne ido ɗaya yana neman haske a ƙarƙashin bakin hular. Yanzu kansa a ɗage yake, fuskarsa na duban bango kamar mai sauraron hadari daga nesa. Yatsan ne ke tafiya. Ya bi gefe na ɗaya, ya bi na biyu, ya tsaya a kusurwa ya lalubo tsagar, ya juya hular hagu. "Daidai," ya ce, ya ajiye. Ta gaba ya shafa, ya dawo ya sake shafawa, ya jefa ta kwandon waɗanda ba su yi ba. Ko sau ɗaya bai kalle ta ba.

Sai abubuwa suka riƙa dawo mata suna tsayawa a gabanta. Jaridar da ya daina saye, wai duk ƙarya ce. Keken da ya jingine a bayan ƙofa, wai gwiwa. Yadda yake sa yatsa a bakin kofi in yana zuba shayi. Yadda a hanya yake cewa, "Manya gaba," ya bar ta ta wuce yana biye, ita kuma tana jin daɗi wai tsufa ya koya masa ladabi. Ita da ke gane lanƙwasasshiyar hula daga bakin ƙofa, ba ta gane mijinta ba ya gani ba. Kunya ta kama ta, tausayi ya biyo baya ya danne kunyar. Ta koma kan kujerarta tana jin muryarta ta jiya: in idonka ya gaza a kira maka mai ido. A gabansa ta faɗa, yana zaune yana ji.

Baki shi ke yanka wuya. Ta yi rantsuwa a gaban mutum talatin, ga shi rantsuwar ta zagayo ta shiga gidanta. Teburin nan kuwa shi ne Baba. Ba shi da majalisa, ba shi da gona, ba ya ma kallon ƙwallo. In aka raba shi da gilashinsa da tirensa, ba ta san abin da zai tashi dominsa da safe ba.

Ranar Laraba ta yi abin da ba ta taɓa tunanin hannunta zai iya ba. Ta ɓare sabon kati, ta buɗe ƙaramar tagar baya, ta ajiye shi a kan dakalin waje inda indararo ke ɗiga. Kafin azahar ɗigo ukun sun koma ruwan hoda. Ta ɗauke shi da yatsa biyu kamar mai ɗaukar mataccen ɓera, ta sa a aljihu. Gobe za ta kai wa Injiniya ta ce ta sake bincike, sito ne ya yi danshi, duhun nan ba hannu ba ne. Ba wanda ya taɓa musa maganarta a kan hula. Wataƙila a karɓe makullan. Mai Tanderu kuwa zai yi shekara yana dariya. Ta ce a ranta, ya yi ta yi har haƙoransa su zube.

Da aka tashi suka kama hanyar gida yadda suka saba, ita gaba shi baya. Suka wuce tashar bas, suka wuce mai facin taya da bahonsa na baƙin ruwa, suka iso inda aka shimfiɗa katako a kan kwalbati. A nan wani abu ya raya mata ta gwada. Ta sa hannu ta damƙe makullan suka yi shiru, ta ci gaba da tafiya a hankali. Taku biyar ta waiwaya. Yana tsaye cak a bakin katakon, kansa a ɗage, masu babur na kauce masa suna yi masa ham. Dogon mutum, furfura ta cinye masa kai, yana neman ƙarar ƙarfe a cikin hayaniyar titi. Ta saki makullan da sauri har ta girgiza ƙugu. Ya saki numfashi ya tako.

"Kin yi nisa," ya ce.

"Takalmina ne ya kwance," ta ce. Silifa ce a ƙafarta.

A gida ya zauna a bencinsa na tsakar gida, rana ta yi sanyi amma da sauran haskenta a bango. Ta kawo masa shayi, ta zauna a gefensa, abin da ba ta cika yi ba, ta miƙa masa katin.

"Baban yara, duba min katin nan, idona ya gaji. Ya juya ne?"

Ya karɓa. Ya kai shi kusa, ya kai shi nesa, ya karkata shi wajen haske.

"Shuɗi ne mana. Katinki ya taɓa juyawa ne?"

"Ruwan hoda ne. Duka ukun."

Ya sauke katin a cinyarsa. Tattabarun maƙwabta suka sauka a kan kwano suka tashi.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Idon dama wata takwas. Na hagu ya riga shi, ya fi shekara. Kamar dai mutum na kallo ta cikin farar leda."

"Wata takwas! Ɗakinmu ɗaya, kwanonmu ɗaya, ni ce bare? Da na mutu a wata takwas ɗin nan fa, da lalube za ka gane?"

"Da na ji makullai sun yi shiru ai na gane."

"Kada ka sa ni dariya, faɗa nake yi."

Ya ɗaga mata yatsan a hankali, yadda ya saba. Wannan karon dariyar ba ta zo ba. Ta kama yatsan da hannu biyu ta riƙe a cinyarta, hawaye na zuba ba ta share ba.

"Tsoro na ji," ya ce. "Na san in na faɗa asibiti za ki ja ni. In suka duba suka ce ba magani fa? Na ce gara ban sani ba. Kuma mutum an yi shekara ashirin da shida ana cewa idonsa ma'auni ne. Na ce yatsa ɗaya ne, gefe kawai, ina goge shi a riga kafin in taɓa, ashe da damina ta shigo gumin ya fi ƙarfin gogewa. Na san doka, ni na koya miki ita. Ranar Litinin da na ji abin da yatsan ya jawo, har aka ɗora wa sitonki laifi, na so ƙasa ta tsage in shige. A ranar na gwada da safa ba huji, ban ji komai ba, kamar na sa hannu a cikin buhu."

Ya juya katin a tsakanin yatsunsa. "Wai me ya juyar da wannan? Ledarki ba ta yoyo."

Ta gaya masa, tun daga tagar baya har abin da za ta ce wa Injiniya. Baba bai ɗaga murya ba, amma ya ajiye kofin da ƙarfin da ba ta taɓa ji daga gare shi ba.

"A'a. Shekara ashirin da huɗu katinki bai yi ƙarya ba, ba a kaina zai fara ba. In kin ɗauki laifin gobe, jibi fa? Yatsan nan zai daina gumi ne? Allunan nan gidajen mutane suke zuwa."

"To in kai sunanka da bakina? Ka ce in yanke harshena mana, ya fi sauƙi."

"Cewa kika yi suna zai hau tebur ranar Alhamis. Ba ki ce ke za ki ɗora shi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ya ninke katin biyu ya sa a aljihunsa. "Wannan kuma nawa ne. An yi shekaru ba a ba ni kyauta mai tsada haka ba."

"Shara ce," ta ce, tana jan hanci.

Ranar Alhamis ya sa rigarsa mai guga. Matakala goma sha bakwai ce zuwa ofishin Injiniya. Inna ta shige gaba, tana karkaɗa makullai fiye da yadda tafiya ke buƙata. A ciki suka tarar da Mai Tanderu ya riga su, ya zo kallon wanda za a kora, har ya samu kujera.

Baba ya tsaya a gaban tebur. Ya zare safar dama a hankali, ya lalubi bakin teburin, ya ɗora babban yatsansa a kai.

"Ga mai laifin, ranki ya daɗe. Ni na kawo shi."

Ya faɗi komai, har rezar. Injiniya ba ta katse shi ba. Da ya gama ta daɗe tana kallon yatsan.

"Baba, wata takwas ɗin nan ko lanƙwasasshiyar hula ɗaya ba ta wuce teburinka ba. Da can ma akan samu ɗaya ko biyu. Na yi ta mamaki." Ta numfasa. "Amma hannu ba zai taɓa hula ba. Ba ni na kafa dokar ba."

Ta dubi Inna. Da Inna ta ce a sassauta, wataƙila da an nemi dabara, ita ma ta san haka.

"Doka tana nan," in ji Inna.

"To ka je likita ya duba," in ji Injiniya. "In yanar ido ce, ana cirewa. Kakata an cire mata, yanzu ita ke zura mana zare a allura. Za a riƙe aikinka a teburi na biyar. Kujerarka zan sa a kife ta a kan teburinka, ba mai zama har mu ji abin da likita ya ce. Bayan nan ban yi maka alkawarin komai ba, Baba, don ba na son in yi maka ƙarya."

"Na gode, 'yata."

Mai Tanderu, wanda ya zo da dariya a shirye, ya rasa inda zai ajiye ta. Ya sosa ƙeya ya ce shi dai motarsa tana nan, kuma asibitin idon a hanyarsa yake. Inna ta san ba a hanyarsa yake ba, ko kusa. Ta ce masa ta ji, kuma ya wanke kujerar baya.

A ƙa'idar ma'aikata, duk wanda zai bar layi sai ya mayar da safar hannunsa ta tagar sito. Inna ta zagaya ta shiga ciki, ta ɗaga labule. Injuna na ta aiki, kowa ya sunkuyar da kai a teburinsa, irin sunkuyawar da ake yi in ana son a nuna ba a kallo. Baba ya ƙirga takunsa goma ya iso, ya ajiye safar a kan katako, ya shafe su suka kwanta.

"Ga kayanki, ranki ya daɗe, Sito."

"Ɗaya a huje," ta ce. "An karɓa, Teburi na Huɗu."

Bai tafi ba. Ya tsaya yana duban inda muryarta ta fito.

"Kin san abin da ya fi damuna? Ba teburin ba ne. Wata takwas rabon da in ga fuskarki sosai. Ɗankwali nake gani da inuwa a ƙarƙashinsa. Kin ƙara tsufa ne?"

"Na ƙara kyau dai. Asararka ce."

Ta dubi hagu, ta dubi dama. Shekara ashirin da huɗu hannu tsirara bai taɓa tsallake tagar nan ya shigo sito ba. Ta miƙa hannu ta kamo nasa, ta jawo shi ciki, ta ɗora babban yatsan a kuncinta.

"Duba. Wannan ba ta cikin doka."

Yatsan ya tashi a hankali, yadda ta gan shi yana yi ta bayan labule. Ya bi goshi, ya ƙirga layukan da ke wurin, ya gangara gefen ido. A nan ya tsaya, ya dawo ya sake shafawa.

"Sito," ya ce ƙasa-ƙasa, "akwai danshi a nan."

"Yi aikinka, malam."

Ya bi ɗaya kuncin, ya zagayo ta haɓa, ya koma inda ya fara. Kansa a ɗage, fuskarsa na duban bango.

"Daidai," ya ce.